Tarihin Julia Child, Matar da Ta Koya wa Amurkawa Girkin Faransa

Duk wanda ya shiga babban otal a Abuja, ko Dubai, ko Landan, ya buɗe takardar jerin abinci, zai ci karo da sunayen Faransanci, ko da kuwa mai dafa abincin bai taɓa taka ƙasar Faransa ba. Farar rigar masu girkin da doguwar hularsu, da yadda suke raba aiki a madafa, wannan na nama, wancan na miya, wancan na kayan zaƙi, duk tsarin Faransawa ne. Wannan suna da girkin Faransa ya yi ba daga sama ya faɗo ba. Mutane ne suka yi masa wahala, wani bayan wani, fiye da shekara 200. Amma wadda ta fitar da girkin daga manyan otal-otal ta shigar da shi madafar matan gida a Amurka ba Bafaranshiya ba ce, ba kuma gadon girki ta yi ba. Ba'amurkiya ce mai suna Julia Child, wadda ba ta shiga makarantar koyon girki ba sai tana da shekara 37, ba ta fitar da littafinta na farko ba sai tana da 49. Ba ta ƙirƙiro girkin Faransa ba. Abin da ta yi shi ne ta auna, ta gwada, ta rubuta, sannan ta koyar. Wannan ne ya sa tarihinta ya cancanci a ba da shi a ƙasar kifi da shinkafa irin Haɗeja.

Asalinta da tasowarta

An haifi Julia Carolyn McWilliams ranar 15 ga Agusta, 1912, a garin Pasadena na jihar Kalifoniya. Mahaifinta, John McWilliams, mai filaye ne da dukiya, mahaifiyarta kuwa 'yar gidan Weston ce, masu kamfanin takarda a jihar Massachusetts. Ita ce 'yar fari cikin 'ya'ya uku. Gidansu akwai kuku, saboda haka ta tashi ba ruwanta da tukunya. Doguwa ce ƙwarai, ƙafa 6 da inci 2, ga son wasanni, ga barkwanci, ga murya mai tashi wadda ba a mantawa da ita. Ta yi karatu a Kwalejin Smith, ta mata zalla, ta gama a 1934 da digiri a fannin tarihi. Burinta a lokacin ta zama marubuciyar labarai. Ta tafi New York ta yi aikin rubuta tallace-tallace a wani kamfanin kayan ɗaki mai suna W. & J. Sloane, daga baya ta koma gida Kalifoniya, inda mahaifiyarta ta rasu a 1937.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya mata hanya. Da Amurka ta shiga yaƙin a ƙarshen 1941, Julia ta nemi shiga rundunar mata, aka ce tsayinta ya wuce ƙa'ida. Sai ta sami aiki a 1942 a hukumar leƙen asiri ta OSS, wadda daga burbushinta aka kafa CIA. Ta fara da buga keken rubutu, ta kai ga aiki a ofishin shugaban hukumar, Janar William Donovan. A 1944 aka tura ta Kandy, a ƙasar da yanzu ake kira Siri Lanka, daga nan kuma Kunming ta ƙasar Sin. Aikinta a can shi ne kula da rumbun takardun sirri: kowace takarda ta shigo, a ba ta lamba, a san inda aka ajiye ta, a iya fito da ita duk lokacin da aka nema. Aiki ne mai gundura, amma shi ya koya mata tsari da haƙurin bin diddigi, kuma da su ta ci abinci har ƙarshen rayuwarta.

A wurin wannan aiki ta haɗu da Paul Child, mai zane da ɗaukar hoto, wanda ya girme ta da shekara 10. Ya taɓa zama a Paris, yana jin Faransanci, ya kuma san daɗin abinci. A Kunming suka riƙa zagaya gidajen cin abincin Sinawa tare. Aka ɗaura musu aure ranar 1 ga Satumba, 1946. Ita da kanta ta sha ba da labarin cewa girkinta na farkon aure ba abin a zo a gani ba ne, sai dai mijin ya yi haƙuri ya ci.

Kifin garin Rouen

A 1948 aka tura Paul aiki a sashen yaɗa labarai na ofishin jakadancin Amurka a Paris. Ranar 3 ga Nuwamba jirgin ruwa ya sauke su a tashar Le Havre, suka kama hanyar Paris a mota. Da rana ta yi suka yada zango a garin Rouen, suka shiga wani tsohon gidan abinci mai suna La Couronne, wanda tarihinsa ya faro tun 1345. Paul ya sa aka kawo musu girkin kifin da Faransawa ke kira sole meunière.

Kifin teku ne mai faɗi, mai farar tsoka. Ana gyara shi a tsane shi sarai, a barbaɗa gishiri, a turbuɗa shi a fulawa sama-sama a kaɗe, a soya a man shanu har bayansa ya yi ja. Sai a narka sabon man shanu har ya fara duhu yana ƙamshi, a kwarara a kai, a matsa lemun tsami, a watsa yankakken ɗanyen ganye. Shi ke nan. Kayan haɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma a nan gwanintar take, domin babu inda kuskure zai ɓuya. In kifin ya kwana, harshe zai faɗa. In wuta ta yi yawa, man zai ƙone ya yi ɗaci. In an bar shi ya wuce lokacinsa, tsokar za ta bushe. Matar masunci a Guri ko Kirikasamma, wadda ta saba karɓar karfasa tana motsi, ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a kan wannan.

Julia ta ce wannan cin abinci ne ya buɗe mata ido. A ranar ta gane cewa akwai al'ummar da ta ɗauki girki da daraja irin ta ilimi, har masu hidima da masu ci suna tattauna shi da natsuwa. Suka kama gida a lamba 81, titin Université. Ta shiga ajin koyon Faransanci, ta kuma mai da kasuwa makarantarta ta biyu. Daga bakin mai sayar da kayan lambu da mahauci da mai kifi ta koyi wane kaya ne na wane lokaci, da yadda ake gane mai kyau.

Makarantar Cordon Bleu

A watan Oktoba na 1949 ta shiga makarantar Le Cordon Bleu, wadda aka kafa a Paris a 1895. Da farko aka sa ta ajin matan gida, ta ga wasa ake yi, ta nemi a mai da ita ajin masu neman sana'a. Ta tsinci kanta ita kaɗai mace cikin tsofaffin sojojin Amurka 11, a hannun wani dattijon malami mai suna Max Bugnard.

Ilimin da Bugnard ke ɗauke da shi yana da silsila. A farkon ƙarni na 19, Marie-Antoine Carême, wanda ya yi wa sarakuna da manyan Turai girki ya kuma rasu a 1833, ya zauna ya rarraba miyar Faransawa gida-gida, ya rubuta. Bayansa Auguste Escoffier, wanda ya rayu daga 1846 zuwa 1935, ya sauƙaƙa tsarin, ya raba aikin madafa sashe-sashe a otal ɗin Savoy da na Carlton a Landan, ya kuma wallafa Le Guide culinaire a 1903, littafin da masu sana'ar ke komawa gare shi har gobe. Bugnard ya yi aiki a ƙarƙashin Escoffier a Landan. Ke nan Julia jikar Escoffier ce a ilimi.

Ta ba da labarin ranar da malamin ya ce ta soya ƙwai a gaban aji. Ta kaɗa ƙwan har ya yi kumfa, ta zuba a kasko mai zafi ƙwarai, nan da nan ya ƙandare. Dattijon ya ce sam ba haka ba ne. Ya fasa nasa ya gauraya a hankali, ya shafe kasko da man shanu, ya rage wuta, ya zuba, ya jira. Da ƙwan ya fara kamawa ya riƙa juyawa, yana ɗaga kaskon yana mayarwa, a ƙarshe ya sa ɗan man shanu ya tsayar da dahuwar, ƙwai ya fito lumus. Daga nan ta fahimci cewa ko mafi ƙanƙantar girki yana da dalilinsa. Ta koyi cewa in aka narka man shanu aka soya fulawa a ciki a ƙaramar wuta, aka zuba madara, miya ɗaya ta samu, in kuwa romon kaza ko na kifi aka zuba, wata ce daban, kuma daga waɗannan biyun miya iri-iri ke fitowa. Wanda ya riƙe tushe ba ya bukatar haddace reshe.

Ba ta jitu da shugabar makarantar, Madam Brassart, ba. Ta faɗi jarrabawar farko, ta sake zama, ta karɓi takardar shaidarta a 1951.

Shekara tara a kan littafi ɗaya

A Paris ta haɗu da wasu Faransawa mata biyu, Simone Beck da Louisette Bertholle, waɗanda suka daɗe suna fama da rubuta littafin girkin Faransa domin Amurkawa. An shaida musu cewa littafin ba zai karɓu ba sai sun sami Ba'amurkiyar da ta san madafar ƙasarta. A 1952 su ukun suka buɗe ƙaramar makarantar girki a gidan Julia, mai suna L'École des Trois Gourmandes, ita kuma ta karɓi rubutun ta duba. Da ta fara gwada abin da ke ciki sai ta ga dole a sake shi daga tushe.

Matsalolin suna da yawa. Faransawa da sikeli suke awo, Amurkawa da kofi da cokali. Fulawar Amurka ta fi ta Faransa ƙarfi, saboda haka awo ɗaya ba ya ba da sakamako ɗaya. Yankan nama a mahautar Paris daban yake da na Boston. Sannan littattafan Faransawa an rubuta su ne domin wanda ya riga ya iya, sai su ce a dafa har ya yi, ba tare da sun faɗi yadda ake gane ya yi ba. Julia ta ɗaura wa kanta ƙa'ida: ba za ta rubuta girki ba sai ta dafa shi sau da yawa, da kayan da matar gida za ta samu a kantin unguwarsu a Amurka, har ta san inda yake lalacewa da yadda ake ceto shi. Takan buga bayanin a keken rubutu ta aika wa 'yan uwa da ƙawaye a Amurka su gwada su ba ta labari.

Aikin mijinta kuma bai bar su wuri ɗaya ba. A 1953 aka mai da su Marseille, a 1954 Bonn ta Jamus, a 1956 Washinton, a 1959 Oslo ta Norwe. Duk inda suka sauka, tukwane da tulin takardu na biye da su, wasiƙu na kai da komo tsakaninta da Simone Beck, wani lokaci har da zazzafar gardama a kan cokali guda na wani abu. A Marseille, garin masunta, ta duƙufa kan kifi. Ta riƙa zuwa bakin tasha tana tambayar sunan kowane iri, tana rubuta wa hukumomin kula da kamun kifi wasiƙa, domin ta gano wane kifin Amurka ne zai maye gurbin wane na Faransa a miyar kifin garin da ake kira bouillabaisse.

Wata wasiƙa ce ta buɗe mata ƙofar maɗaba'a. A 1952 ta karanta maƙalar marubuci Bernard DeVoto yana kukan rashin kaifin wuƙaƙen Amurka, sai ta aika masa da wuƙar Faransa. Matarsa, Avis DeVoto, ita ta amsa, daga nan suka ƙulla ƙawancen da ya ɗore. Avis ta haɗa matan uku da kamfanin Houghton Mifflin na Boston. A 1958 suka miƙa ɗaruruwan shafuka, kuma duk a kan miya da naman tsuntsaye kaɗai. Kamfanin ya ce wannan ya yi yawa. Suka koma suka taƙaita, suka sake miƙawa a 1959, aka sake mayar musu, wai littafin zai yi tsadar bugawa kuma zai tsorata matan gida. Lissafin kamfanin ba a banza yake ba, domin a wancan zamani abincin gwangwani da na ƙanƙara ya mamaye Amurka, tallace-tallace na gaya wa mata cewa tsayawa gaban murhu ɓata lokaci ne.

Avis ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ta kai rubutun kamfanin Alfred A. Knopf a New York, ya faɗa hannun wata matashiyar edita, Judith Jones, wadda ta taɓa zama a Paris. Judith ta tafi da shi gida ta dafa abin da ke ciki, ta ga abincin ya fito kamar yadda ta san shi a Faransa. Ta tsaya kai da fata sai an buga. A watan Oktoba na 1961 littafin ya fito da sunan Mastering the Art of French Cooking, wato ƙwarewa a fasahar girkin Faransa, shafi sama da 700, girki 524, da sunayen matan uku a bangonsa.

Tsarin shafinsa ma darasi ne. Kayan haɗi na gefen hagu, bayani na gefen dama, kowane kaya yana bayyana daidai inda za a bukace shi. Ana fara kawo uwar girki a yi mata bayani dalla-dalla, sannan a jero 'ya'yanta. Ana faɗin girman tukunya, da ƙarfin wuta, da alamar da ido ko hanci zai gani in abu ya nuna. Craig Claiborne na jaridar New York Times ya yaba masa ƙwarai. Lokaci ma ya taimaka, domin a shekarar ce Shugaba Kennedy da matarsa suka ɗauki Bafaranshe, René Verdon, ya zama kukun fadar shugaban ƙasa, jirgin sama kuma ya fara sauƙaƙa wa Amurkawa zuwa Turai.

A gaban kyamara

Paul ya yi ritaya a 1961, suka zauna a lamba 103, titin Irving, a garin Cambridge kusa da Boston. A farkon 1962 tashar talabijin ta ilimantarwa, WGBH, ta gayyace ta wani shirin hira a kan littattafai. Ita kuwa ta zo da ɗan murhun lantarki, da kasko, da ƙwai, ta soya wainar ƙwai irin ta Faransawa a gaban mai gabatarwa. Masu kallo suka aiko da wasiƙu suna neman a dawo da doguwar matar nan. Ranar 11 ga Fabrairu, 1963, aka fara shirin The French Chef, tana da shekara 50.

Tashar ba ta da kuɗin yanke-yanken hoto, don haka ana kunna kyamara sai an kai ƙarshe. Abin da ya lalace, jama'a na gani. A wani shiri ta zo juya wainar dankali a kasko, rabi ya zube a kan murhu. Ta kwashe ta mayar ta gyara, ta ci gaba, tana bayyana wa masu kallo cewa rashin sakin jiki ne ya jawo, kuma abu ne mai gyaruwa. Wannan ya cire wa dubban mata da maza tsoron madafa. Amma kada a ɗauka sakaci ne. Kowane shiri na rabin awa sai ta shafe sa'o'i masu yawa tana shirya shi, an rubuta abin da za a ɗauka da inda za a ajiye. Mijinta, wanda jiya-jiya jami'in jakadanci ne, shi ke ɗaukar kaya, shi ke wanke-wanke bayan an tashi, shi ya zana mata madafar gida, ya ɗaga teburan aikin daidai tsayinta, ya zana siffar kowace tukunya a jikin allon da ake rataye ta. Duk mai ba da tarihin Julia ya tsallake Paul bai yi adalci ba.

Shirin ya ci lambar Peabody, ya ci ta Emmy a 1966, a watan Nuwamba na shekarar kuma mujallar Time ta sa hotonta a bango. An yi shi har 1973, kashi kusan 200, kuma shi ne shirin farko a Amurka da aka sa wa rubutu a ƙasa domin kurame. Duk da wannan suna, ta ƙi yarda ta yi wa kowane kamfani tallar kaya, domin kada maganarta ta zama ta sayarwa. Ba ta taɓa buɗe gidan abinci ba, kuma malamar girki take ɗaukar kanta.

A 1968 aka yi mata aikin kansar mama, ta warke ta koma bakin aiki. A 1970 ita da Simone Beck suka fitar da juzu'i na biyu. A cikinsa akwai bayanin dogon burodin Faransa, irin wanda ake sayarwa kowace safiya a Maraɗi da Damagaram da Yamai. Kafin su rubuta shi, ita da Paul sun ƙarar da fulawa fam 284 a gwaji, har sai da suka je Paris wurin masanin burodi, Farfesa Raymond Calvel, ya nuna musu yadda ake barin kwaɓi ya tashi a hankali da yadda ake naɗe shi. Sannan suka gano dabarar sa tururi a tandar gida domin ɓawon ya yi ƙaras-ƙaras.

Ƙarshen rayuwarta

Ta ci gaba da rubutu da shirye-shirye har tsufa. A 1981 tana cikin waɗanda suka kafa wata cibiyar nazarin abinci a Amurka, a 1989 ta fitar da The Way to Cook, daga baya ta yi shiri tare da abokin aikinta Jacques Pépin. Simone Beck ta rasu a 1991, Paul kuma a 1994 bayan doguwar jinya. Allah bai ba su haihuwa ba. Jami'ar Harvard ta ba ta digirin girmamawa a 1993, Faransa ta ba ta lambar Légion d'honneur a 2000, Amurka ta ba ta babbar lambar yabon shugaban ƙasa a 2003. A 2001 ta ba da madafarta kyauta ga gidan tarihi na Smithsonian a Washinton, aka kwashe ta da tukwanenta da wuƙaƙenta aka sake kafawa a can. Ta mutu ranar 13 ga Agusta, 2004, a Kalifoniya, saura kwana biyu ta cika 92. A 2009, bayan fitowar wani fim da ya shafi rayuwarta mai suna Julie & Julia, littafin nata na 1961 ya hau kan gaba a jerin littattafan da aka fi saye, shekara 48 bayan bugun farko.

Abin da ya shafe mu

A girkin da ta koyar akwai giya da naman alade, waɗanda addininmu ya haramta, kuma ba wanda ke cewa mu bar tuwo mu koma cin na Faransawa. Hanyar aikinta ita ce abin ɗauka.

Ƙasar Haɗeja ba ta rasa komai na girki ba. Kogin Haɗeja da fadamunsa, daga Auyo zuwa Baturiya har Nguru, suna ba da tarwaɗa da karfasa da kurungu da gaiwa, ɗanye da banda, ana lodinsa zuwa kasuwannin nesa. Ga shinkafa, ga alkamar rani, ga tattasai da albasa da riɗi, ga nono da man shanun Fulani. Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa, kowa da hannunsa a tukunya. A kowace unguwa akwai tsohuwar da ake aika wa in biki ya taso, domin an san alkubus ɗinta ba ya kwantawa, dashishinta ba ya caɓewa, miyar kifinta ba ta ƙarni. Amma ilimin yana hannunta ne kawai. In 'yarta ta ce, "Inna, kanwa nawa zan sa?" amsar ita ce, "Ɗan kaɗan, 'yar nan, idonki zai gaya miki." Wannan koyarwa tana aiki ga yarinyar da za ta shekara goma a gindin murhun uwarta. Ba ta aiki ga wadda ke makarantar kwana, ko wadda aure ya kai Legas. Ranar da tsohuwar ta kwanta dama, ma'aunin ya tafi da ita. Haka aka yi asarar ilimin kukun Turawa, mazajen da suka yi wa jami'an mulkin mallaka girki a barikokin Arewa, ba a rubuta nasu ba balle na iyayensu mata.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadama ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, masunta na kukan ƙarancin kifi. A cikin gida kuma taliyar leda da dunƙulen ɗanɗano suna ture daddawa, kamar dai yadda abincin gwangwani ya yi wa Amurka a zamanin Julia. In kayan haɗi ya ɓace, girkinsa ma bin sa yake yi.

Wasu sun riga mu farkawa. A 2010 hukumar UNESCO ta sa tsarin cin abincin Faransawa cikin gadon al'adun duniya, a 2021 kuma ta sa dafa-dukar shinkafa da kifi ta Senegal, ceebu jën. Shinkafa da kifi ne fa, abin da Haɗeja ke kwana a kai ta tashi a kai. Shirye-shirye irin su Akushi da Rufi na tashar Arewa24, da matasan da ke koyar da girki a intanet, sun nuna akwai masu sha'awa. Abin da ya rage shi ne aikin haƙuri: a zauna da gwanayen, a auna abin da hannunsu ke ɗiba da sikeli da cokali, tunda mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, a dafa a sake dafawa, a rubuta da Hausa, a kuma sa sunan mai girkin da garinsu.

Kira nake ga Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, da Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, da Masarautar Haɗeja, da ƙungiyoyin mata, su ɗauki wannan a matsayin aikin ilimi, su ba shi ɗalibai da kuɗi. Ke kuma mai karatu, in Allah ya bar miki uwa ko kaka da rai, ki ɗauki littafi da alƙalami ki zauna kusa da ita a girkin gobe, ki tambaye ta dalilin kowane abu, ki rubuta tun tana nan.